Wanzamin da Ya So a Jefe Shi

Liborio Scalisi wanzami ne a wani ɗan gari na kan tudu a Sisiliya, kuma Allah ya jarrabe shi da farin jini. Duk shekara in an gama tsinkar zaitun, garin kan haɗa wasan opera, wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa. Saboda kaurin muryarsa, kullum shi ake ba matsayin mugun aboki, mai raɗa wa miji ƙarya har ya kashe matarsa don kishi.

A garin nan mugun da ya iya waƙarsa ba tafi ake masa ba, zagi ne da jifa da ruɓaɓɓen lemo. Shi kuwa Liborio, tun yana saurayi har ya yi furfura, da ya fito yana zare ido sai a fashe da dariya. Wani daga can bayan 'yan kallo ya ce, "Mastro Liborio, ka wasa askar, gobe ina tafe." Abin yana ci masa rai matuƙa.

Da muryarsa ta fara dushewa, limamin cocin da ke shirya wasan ya ce masa bana ce shekararsa ta ƙarshe a wasan.

Liborio ya ce wa matarsa, "Crocetta, haka zan mutu ba a taɓa jifana ba?"

"Kai da ko kaza ba ka iya yankawa? Ci taliyarka kafin ta huce."

Ranar wasa muryar ta ƙi tashi. Da ya rasa ƙarfin tsawa, sai ya dafa kafaɗar mijin, ya sunkuya daidai kunnensa, ya rera ƙaryar a hankali cikin tausayi, yadda yake ba mutum shawara in yana masa aski. Ba wanda ya yi dariya. Duk namijin da ke zaune ya san muryar nan a bayan kunnensa, kuma ya sha gaskata ta.

Da matar cikin wasan ta faɗi matacciya, lemon farko daga hannun Crocetta ya fito. "Munafuki, ashe da kai nake kwana."

Sauran suka bi sahu, har da takalmi. Liborio ya tsaya yana rusunawa, hawaye na zuba.

Mako ya zagayo mazan garin suna yawo da gemu buzu-buzu, don ba mai yarda ya miƙa masa wuya. Shi kuwa yana zaune a ƙofar shagonsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana gaida kowa da fara'a, ba mai amsawa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗi irin na makon nan ba.