Kaciyar Ɗan Ƙanwata

Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru, tun muna cikin jihar Sakkwato.

Da farko, ƙarambau ya shigo ƙauyenmu na bakin ruwa, kusa da Wara, bayan yankan shinkafa. Ya kama yara da yawa, har da ɗan ƙanwata, mai shekara bakwai. Ƙurajen suka fito, suka bushe, ya miƙe. Inna, mahaifiyarmu, tana tsokanarsa: "Mijin nan nawa ya zama rariya. Na fasa auren." Shi kuma ya ce, "Ke da ba ki da haƙori, wa ya ce yana son ki?"

Na biyu, wasu jajayen ɗige-ɗige suka bayyana a ƙafafunsa, da baƙin tabo a cinya kamar an doke shi. In ya sha rake sai a ga jini a jikin raken. Kowa ya ce sauran ƙarambau ne ke fita.

Na uku, sanyi ya shigo, lokacin kaciya ya yi. A wurinmu tare ake yi wa yara sa'o'in juna, a kwantar da su ɗaki ɗaya. Ƙanwata ta ce a bar nata sai baɗi. Yaron ya ƙi cin abinci.

"Kawu," ya ce mini, "so kuke su riƙa kira na ƙanensu?"

Ubansa ya yarda a yi masa. Ni na riƙe shi, domin aikin kawu ne. Bai yi kuka ba.

Jinin sauran yaran ya tsaya. Nasa bai tsaya ba. Wanzamin dattijo ne mai kyakkyawan hannu, shi ya yi mana mu ma. Ya barbaɗa garin bagaruwa, ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Daga baya ya dube ni ya ce a hankali, "Ku kai shi Yelwa. Wannan ya fi ƙarfina."

Muka sa shi a jirgin ruwa mai inji, kansa a cinyar uwarsa. A hanya ya tambaya ko za a ajiye masa rabonsa na kaza. Ta ce za a ajiye.

A asibiti likita ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, ya duba ƙafafun. Ya ce a cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu sa shi daskarewa, wani lokaci sukan ragu bayan ƙarambau, kuma ɗige-ɗigen nan su ne alama. Ya ce yawanci sukan dawo da kansu in an jira. Ƙanwata na tsaye, ta ji. Ba ta dubi kowa ba.

Aka ɗebi jinina aka ƙara wa yaron. Washegari ya cika.

Sauran yaran suka warke, aka yi musu sababbin riguna. Yanzu duk magidanta ne. In mun haɗu a kasuwar kifi sukan rusuna su gaishe ni. Ina amsawa, amma ba na tsayawa.