Tudun Yashin Bayan Ɗakin Inna

Mu a Damargu ruwan sama ba shi kaɗai yake zuwa ba. In ya sauka da ƙarfi sai ya kwaso yashi daga tudu ya zube mana a tituna, har amalanke ta kafe, jaki ya tsaya yana kallon mai shi. Meri, wato ofishin magajin gari, ba ta da katafila tata, sai ta aro wajen masu gyaran hanyar Agadas. Tsarin kuma ba ya canzawa: hanyar kwalta tukuna, sai ta kasuwa, sai ta asibiti, sannan unguwanni in mai ya rage. Ƙofar gida kuwa kowa ya ɗauki shebur ya ji da tasa.

Shekarar da mahaifina ya rasu na baro Gangara, inda nake koyarwa, na dawo na zauna da Inna. Daminar farko katafila ta shigo layinmu, ta turo yashin duka ta jibge a jikin katangarmu, daidai bayan ɗakin Inna. Ƙofar wani tsohon magini da ke fuskantarmu kuwa fes, kamar an bi da tsintsiya.

Ni mutum ne mai zargi, ba na ɓoyewa. Ɗalibi ya cika gaishe ni, sai na duba ko alli ya ragu. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza.

Damina ta zagayo, na kasa na tsare a zaure. Katafila na shigowa sai ga tsohon ya fito da sandarsa, ya miƙa wa direba ƙullin goro, ya nuna katangarmu. Bayan ta wuce ma bai haƙura ba: ya kwashi yashin ƙofarsa da shebur, ya tsallako ya ƙara a kan namu. Biri ya yi kama da mutum.

Na shiga wurin Inna ina huci. Ta ce, "Ka bar shi. Tun mahaifinka na da rai haka ake yi."

Wannan ya ƙara tunzura ni. Mahaifina mai haƙuri ne, na ɗauka shekara da shekaru ana zuba masa shara yana shiru. Na fita na sami tsohon. Ya ce, "Mushe, zauna in gaya maka." Mushe ake ce wa malamin makaranta a wajenmu, amma ranar sai na ji kamar ba'a yake yi mini.

Na ce, "Baba, abin da na gani da idona ba sai an gaya mini ba." Na juya na bar shi tsaye.

Na rubuta takardar ƙara da Faransanci, shafi biyu, har ina jin daɗin kalmomina, na kai meri. Meri ta duba, ta ga gaskiya ba a jibge wa mutum yashin layi guda a bango. Kafin a mayar da katafila aka turo ta ta kwashe tudun kaf, ta kai bayan gari. Na tsaya hannu a ƙugu ina kallo. Tsohon ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "To, ka fitar da kayan Inna daga ɗakin nan."

Na ɗauke ta barazana. Har na gaya wa mutum biyu su zama shaida, in wani abu ya sami katangar a san wanda za a nema.

Bayan kwana tara hadari ya haɗo da la'asar. Abin da ban taɓa lura da shi ba, ni da na yi karatu, shi ne layinmu a karkace yake, ɓangarenmu ne gangare. Ruwan unguwa gaba ɗaya ya biyo gindin katangarmu yana cin ta, ga ta ginin ƙasa. Ina zaure na ji ana dukan ƙofa. Tsohon ne, jiƙe sharkaf, yana ihu, "Fito da ita! Fito da ita!"

Muka ɗauko Inna tsakaninmu, ko takalmi babu. Ba mu kai tsakar gida ba bangon ya zauna, rufin ya bi shi. Ɗakin da mahaifina ya gina mata da hannunsa ke nan, a ciki ta haife mu duka.

Da ruwa ya tsagaita tsohon ya gaya mini abin da na hana shi faɗi. Shi da mahaifina suka shirya tun da daɗewa a riƙa tara yashin a nan, ya kare gindin bango, ruwa ya bi tsakiyar layi. Mahaifina ke sayen goron direba. Da ya rasu, sai tsohon ya ci gaba da saye, bai ga abin faɗa a ciki ba.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta koma ɗakina, ni na koma zaure. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba.

Ruwan nan ya sake cika layin da yashi, bayan mako biyu meri ta sake aro katafila. Wannan karon ni na sayi goro, na tare direba tun daga bakin layi, na ce don Allah ya turo yashin ɓangarenmu. Ya karɓa, ya leƙa wajen da ɗakin Inna yake a da, ya ce, "Mushe, a jikin me zan jibge?"