Inna da Gugan Mutane

Inna ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a nan Damargu matan zamaninta ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, ba sa tambayar labarinsa. Kunya ce, haka suka taras. Da aka yaye shi, Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta goya shi ta tafi da shi gidanta a Tanut, can ya girma, can ya shiga lakwal, wato makarantar boko. Mu sauran muka tashi a ƙauyenmu wajen Olelewa. Idan dole ta sa Inna ta yi maganarsa sai ta ce "ɗan gwaggonku", kamar tana zancen ɗan maƙwabta. In ya zo hutu ya durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san wanda ake ɓoye wa man shanu a ƙasan tuwo.

Yaya ya yi ƙoƙari a karatu, ya samu bursi, tallafin karatu, ya tafi Maleziya. Ya gama, ya samu aiki a wani tsibiri, ya yi aure a can, ya haihu. Kowace shekara sai ya ce badi zai zo. Wani lokaci aiki ne, wani lokaci takardu, wani lokaci yara ƙanana ne, wani lokaci ya ji an ce hanya ba lafiya. Har Baba ya rasu bai zo ba, ta waya ya yi kukansa. Bayan takaba na ɗauko Inna ta dawo wurina a Tanut, inda nake koyarwa.

A gidana na lura tana lalube. Takan wuce buta a gabanta tana nemanta. Na kai ta Damagaram wurin likitan ido, na ɗauka yanar ido ce za a cire mu dawo. Ya ce ba yana ba ce, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, ganin da ya ragu ba zai dawo ba, wanda ya rage ma magani zai jinkirta tafiyarsa ne kawai. Inna ta yi masa godiya kamar ya ba ta goro.

Cikin daminar nan Yaya ya turo mini bidiyo a salula. Ya kai iyalinsa yawo wani dutse a tsibirin, sun shiga abin da ake kira teleferik, wani akwati ne na ƙarfe da gilashi, rataye a igiyar ƙarfe, yana jan mutane daga gindin dutse zuwa ƙololuwa. Ƙasa duk daji ne kore shar, can nesa teku, gajimare na wucewa ta gefen taga. A ƙarshen bidiyon ya juyo da wayar, fuskarsa ta fito yana dariya, furfura ta fara masa a gemu. Na nuna wa Inna don ta sha mamaki.

"Wannan ai guga ne," in ji ta. "Gugan mutane. Wa ke ja daga sama, raƙumi?"

Muka yi dariya. Washegari ina dawowa daga lakwal, ko mayafi ban cire ba, ta ce in kunna mata gugan nan. Haka jibi, haka gata. Ta ce abin ne ke ba ta mamaki. To amma ina kallonta. Duk tsawon dajin da tekun wayar tana kan cinyarta, tana tsince wake. Sai an zo ƙarshe take ɗaga ta, ta kai ta dab da idon da ya fi gani, ta karkata kai.

Wata rana da la'asar, tana tankaɗe, ba ta dube ni ba ta ce, "Kafin idon nan ya ƙarasa, ina son in ga gugan nan da kaina."

Matar da ba ta taɓa wuce Damagaram ba! Matar da ko tsanin rumbu ba ta hawa, sai dai ta tsaya ƙasa ta yi ta ba da umarni. Na gane abin da take nufi, duk wata ƴar ƙasar nan za ta gane. Na kira Yaya na gaya masa Inna na son zuwa. Ya ce to, bayan kaka zai turo mana biye, tikitin jirgi, ni da ita.

Ban taɓa ganin Inna kamar a watannin nan ba. Ta sa na ari tsani a maƙwabta na jingina a katanga, wai tana koyon tsayi. Takan hau mataki biyu ta tsaya, ta rufe ido, ta yi ta salati, matan maƙwabta suna ta shewa. "Hajiyar guga," suke ce mata, ita kuma ta ce bakinsu ya sari ɗanyen kashi, su da ko Belbeji da ke nan kusa ba su sani ba. Muka yi doguwar tafiya zuwa Yamai neman fasfo, ƙafafunta suka kumbura a mota, ba ta yi ƙorafi ba. Aka yi mata allurar shawara ta ce ko cizon sauro bai kai ba. Ta tambaye ni ko a cikin gugan ana iya sallah in lokaci ya yi, ko ana cire takalmi kafin a shiga, ko igiyar ta taɓa tsinkewa. Na yi ta bincike a waya ina ba ta amsa: wane lokaci ne ba a cika iska ba, wace rana ce ba cunkoso, tsofaffi ana ba su kujera. Ni kaina na shiga zumuɗi, na ɗinka kala biyu.

Ranar kasuwa ta je da kanta wurin Buzaye ta zaɓo cuku, tana ɗaga kowane fefe tana shinshinawa. Ta sa aka yi kilishi, ta daka kuka, ta jera daddawa a rana. Na ce, "Inna, duk wannan a cikin guga za ki ci?" Ta ce guzuri ne, ba ta san abincin mutanen ba. Inna ba ta cin cuku, haƙoranta ba sa iyawa. Yaya ne da can in ya zo hutu yake yawo da shi a aljihu.

An fara yankan gero lokacin da aka yi kiran da ya lalata komai. Hantsi ne na ranar Lahadi, can wurinsu yamma ta yi. Gwaggo ta zo mana wuni, ga matan maƙwabta suna taya mu ɓarar gyaɗa, tsakar gida cike. Yaya ya kira ta bidiyo. Gwaggo ta fizge wayar kamar kullum, ta kira sunansa, ta yi masa kirari, ta yi kuka, ta ce ɗana ka manta da ni. Sannan ya ce a ba Inna. Na riƙe mata wayar, ta kau da kai. Suka gaisa, shi yana magana, ita tana amsa wa turmi.

Sai ya ce, da murya kamar ta wasa, "Inna, yau dai ki faɗa mini. Ni za ki zo gani, ko teleferik?"

Duk ido ya koma kanta, har na Gwaggo. Ni dai na ji kamar in jefa wayar a randa. Ta ina za ta amsa wannan a gaban dangin mijinta da maƙwabta? Shekarunta duka ta yi tana riƙe da wannan kunyar, da ita ake yabonta a garinmu. Ta gyara ɗankwali, ta dube ni ta ce, "Ki ce mishi gugan zan gani. Mi zan gani a wurinshi?"

Matan suka fashe da dariya, wata ta ce, "Ka ji manya!" Gwaggo ma ta gyaɗa kai. A wurinsu Inna ta amsa daidai. Yaya ya ɗan yi dariya shi ma, ya ce ana kiransa, ya kashe.

Bayan ƴan kwanaki ya kira ni ni kaɗai. Ya ce ya yi tunani. Dutsen yana da tsayi sosai, masu hawan jini ba a so su hau, ga ido ba ya gani, ga doguwar tafiya a jirgi. Ba zai wahalar da tsohuwa don ta shiga akwati ba. Gara Gwaggo ta zo, ita da take kuka kullum tana son ganinsa.

Na ce, "Yaya, kai fa ɗan Damargu ne. Ka san abin da take nufi."

"Na san abin da ta faɗa."

"A gaban mutane ka tambaye ta! So kake ta tuɓe ɗankwali a tsakar gida?"

"Tun da aka haife ni ba ta taɓa duban fuskata ba," in ji shi. "Yarana suna tambayata mi ya sa kakarsu ke juya musu ƙeya. Sau ɗaya na roƙa, kalma ɗaya. In tana so, da ta faɗa."

Na gaya masa zancen bidiyon, na gaya masa zancen cukun, na gaya masa abin da likita ya ce, ban rage komai ba. Ya ce ni ce nake ƙawata abin don in faranta masa. Na san yana da nasa ciwon, yaron da aka ɗauke daga bayan uwarsa ba a tambaye shi ba. Amma har yau ban yafe masa ba. Mutumin da ya koyi harshen wata ƙasa har yana mafarki da shi, ya ce bai gane uwarsa ba. Ya gane sarai. So yake sai ta durƙusa ta faɗa da baki, ya zaɓi lokacin da ya san ba za ta iya ba.

Kwana biyu ina kewaye-kewaye kafin na gaya wa Inna. Tana zaune a tabarma tana jan carbi. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ai daidai ne. Ita ta sha wahalarshi." Sai ta tashi ta lalubo ƙullin cuku da kilishi da kuka, ta ce in kai wa Gwaggo, kada su lalace a banza. Da yamma ta ce in mayar wa mutane tsaninsu.

Ni na ce ba zan je ba. Gwaggo ta tafi da ƴarta. Ba na ganin laifinta, ta raine shi, tana son sa, bakinta kuma a sake yake. Sun dawo da sanyi, gida ya cika da ƴan sannu da zuwa. Gwaggo ta ba da labarin teku, da ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da kifi mai ƙafafu. Aka tambaye ta gugan, ta ce Allah ya kiyaye, tana ganin abin yana lilo ta zauna a gindin dutse ta sha ruwan kwakwa har suka sauko. Inna na gefe tana saurare. Na ga bakinta yana motsi, na san tambayoyin da ke ciki: ya rame ne, yana cin abinci, matar tana kula da shi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambayi Gwaggo ko jirgi bai sa ta amai ba.

Aka buɗe tsaraba. Atamfofi, turare, takalma. Gwaggo ta zaro wani ɗan kwali ta ce wannan na Inna ne, shi da kansa ya zaɓa. Ɗan ƙaramin teleferik ne na roba, irin wanda ake sayar wa baƙi, da ƴar igiyarsa. Wai tunda gugan take son gani. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta shafa shi, ta juya, ta ce a ce an gode. Na tashi na shiga madafa, don in na tsaya zan faɗi abin da zai raba zumunci.

Kafin damina ta zagayo idon ya ƙarasa. Yanzu ba ta bambance rana da inuwa sai da zafi. Yaya yana kira ranar Lahadi, yana cewa badi zai zo, wataƙila ma da gaske yake. Nakan zauna kusa da ita in ɗaga wayar saitin fuskarta, ko da yake ba abin da za ta gani a ciki. Da ta ji muryarsa sai ta gyara ɗankwali ta kau da kai.