Rawanin Agali

Idanunsa na fara gani. Ya tsugunna a ƙofar shagon Babana yana auna gero, baƙin rawani ya rufe komai sai su. Na ce a raina, ashe masu littafin soyayya ba ƙarya suke ba. Sunansa Agali, Buzu ne. Kafin damina aka sa mana rana.

A wannan shekarar, gwamnati ta ba wani kamfanin haƙar ma'adinai makiyayar Buzaye, har da rijiyar kakanninsu. Agali ya bi ruga ruga yana tara mutane. Suka kewaye rijiyar suka zauna, ba takobi, ba sanda.

Ran Laraba da safe ina wankin kwanuka, Baba ya ɗauki sukari ya ce zai je shan shayi wurin surukinsa a bakin rijiyar. Da hantsi na ji ƙugin kamiyo, manyan motocin soja. Sai harbi. Raƙuma suka tsinke dabaibayi. Na ruga wajen rijiyar ba takalmi, na laɓe bayan kwamin shayar da dabbobi.

Sojoji sun jera maza a rana. Wani tsoho na kwance, jini na bin gemunsa.

"Kowa ya cire rawani!"

Aka fara warwarewa. Agali bai motsa ba. Baba na tsaye dab da shi, Buzu kuwa ba ya yaye rawani daga bakinsa a gaban surukinsa.

"Kai! Cire!" wani soja ya daka masa tsawa.

"Cire, ɗana!" Baba ya yi ihu. "Na yafe!"

Agali ya juya wa Baba baya don ya cire. Sojan ya zaci gudu zai yi. Harsashin ya shiga ta bayansa. Ya faɗi rubda ciki.

Da azahar suka cinna wa bukkoki wuta, wutar ta ci har shagonmu. Baba ya fizge ni muka bi kwari. Ƙaya ta yayyaga ƙafafuna. Bayan la'asar wani mai motar gishiri ya ɗauke mu zuwa kudu. Rigar Baba ta bushe da jinin da ba nasa ba.

Yanzu ina birnin Greensboro, can ƙetaren teku, ina ɗaure kwalaye a wani sito a titin Wendover. Baba ya ƙare rayuwarsa a ɗakina a unguwar Glenwood, bai ƙara shan shayi ba. Ana saura kwanaki ya rasu na yi ƙarfin hali.

"Baba, kai ka juya gawarsa. Yaya fuskarsa take?"

Ya kalli taga.

"Ban duba ba, 'yata. Na gyara masa rawanin."