Gero a Cikin Kwalba

Shekarar da soja suka koma bariki na samu aiki a wani ɗakin binciken tsirrai. A can muke tsirar da shuka cikin kwalba: a yanko ɗan toho, a wanke shi tas, a ɗora kan wani abinci mai kama da kamu, a toshe.

Maƙwabciyarmu a Nasarawa, tsohuwar da muke kira Mama, tana da wani ganye da ta taho da shi daga ƙauyensu. Da ruwansa ta warkar da gyambon ƙafata ina yarinya. An nome dajin da yake fitowa, saura tushe ɗaya a bayan ɗakinta, shi ma ya fara bushewa. Na roƙe ta toho uku, don mu raya shi, mu kuma gano sinadarin da ke haɗe rauni.

"Ba a ɗibar magani haka kawai, 'yata," in ji ta. "Sai an zuba masa gero."

Ta damƙa mini ƙwayoyin gero. Ni da takardar shaidata, amma tsoron Mama ya fi ƙarfin boko. Na wanke geron kamar yadda na wanke tohon, na jefa ƙwaya ɗaya a kowace kwalba, na yi gum.

Kwana biyar sai ga kore shar. Na ruga na kira ogana, bakina har kunne. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Madam, yaushe muka fara noman gero?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya sa na tsame geron. Kwalba biyu suka yi fumfuna. A makon kuma tushen Mama ya mutu, na kasa haɗa ido da ita.

Ta ukun ce, bayan wata guda, ta fito da 'yan ganye kamar kunnen ɓera. Muka yi ta rarraba su, har suka yi saiwa.

Ranar da na kai wa Mama shukar a tukwane shida, na jera su a gabanta. Ta murza ganye ɗaya, ta shinshina, ta kalli tabon ƙafata.

"Shi ne," ta ce. "Kin dai ba shi geronsa?"

"Na ba shi, Mama."

"Shi ya sa."