Layin da Malam Lado Ya Dangwala

Ni mai cajin waya ne a Runka, kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san wayar kowa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ta Gwaggo Zuwairatu 'yar ƙarama ce baƙa, an ɗaure murfinta da roba. Da hantsi, in ta sauke kaskon ƙosai, za ta kawo ta, ta ce, "Yusha'u, cika min ita dam." Ba ta kiran kowa da wayar nan. Kira take jira.

Ɗanta Armaya'u, shi kaɗai ne namijin da ya rayu cikin 'ya'yanta, ya tafi haƙar zinariya can cikin hamadar Nijar a shekarar da 'yan bindiga suka hana mu shiga gona. Ba shi da waya a can. In ya samu mai ara masa sai ya kira, yau da wannan lamba, gobe da waccan, kuma ko ka bi lambar ba ta shiga. Lambar uwarsa kaɗai ya haddace. Ita ce kaɗai hanyar da ke tsakaninsu.

To, ga inda matsalar ta kwanta. Lokacin da aka zo rajistar layi, ba wanda ya ga dalilin fito da matan aure su tsaya cikin rana a ɗauki hotonsu. Maigida ne ke zuwa ya dangwala wa kowa. Mijinta Malam Lado ya tsaya, aka ɗauki fuskarsa da yatsansa, ya kawo mata sim ɗin a aljihu. Haka kowa ya yi, har ni na yi wa tawa matar.

Sai shekarar da gwamnati ta kashe sabis a Safana da Batsari da kewaye, wai don ɓarayin daji su daina jin juna. Ɓarayi ba su fasa zuwa ba, mu ne muka koma kurame. Rumfata ta zama wurin hira. Gwaggo kuwa ba ta haƙura ba: ranar da ta samu hali sai ta hau a-kori-kura da tsufanta, ta bi wannan muguwar hanya har inda ake samun sabis, ta wuni ƙarƙashin bishiya da waya a tafin hannu, ko Allah zai sa ya kira ranar. Bai taɓa dacewa da ita ba. Sai da aka maido da sabis bayan watanni ta ji muryarsa, kuma ranar duk wanda ya bi ta gaban kaskonta ya ci ƙosai kyauta.

Malam Lado ya rasu da damina, ciwon ciki ne. Ba a daɗe ba aka ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar ɗan ƙasa, wanda bai haɗa ba a toshe. Aka toshe nata.

Ta je Batsari, aka ce sai ofishin kamfanin layin da ke Katsina. Na raka ta. Wani yaro mai ƙaramar riga a bayan tebur ya duba kwamfuta ya ce, "Hajiya, layin nan ba naki ba ne. Mai shi ya zo ya dangwala."

"Ɗana, mai shi yana maƙabarta."

"To sai takardar shaidar mutuwa, da ta kotu."

Wallahi sai da na ciji leɓe. Mu da ke binne mamaci kafin a kira azahar, wa ke tsayawa neman takarda? Amma Gwaggo ta ce to, ta gode masa ma. Daga nan fa aka fara yawo da ita. Yau mai sa hannu ba ya nan, gobe na'ura ba ta aiki, jibi an tare hanya ba mota. Na ce mata, "Gwaggo, ki bari na yi miki sabon layi." Ta dube ni kamar na zage ta.

"Sabon wa ya sani? Shi Armaya'un kai za ka je ka gaya masa?"

Ta sayar da akuyarta ta ci gaba da zirga-zirga, ƙafarta har ta kumbura. Ranar da takardun suka cika, aka ce mata layin ya daɗe a kwance, kamfani ya karɓe ya sayar wa wani. Haka doka ta ce, in ji su.

Da muka dawo ta zauna a bencin rumfata ta ce in kira lambar da tawa wayar. Wata mata ce ta ɗauka, can kudu, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Na lallaɓa da ɗan guntun Turancina na yi mata bayani. Ta ce eh, akwai wani da ya dame ta da kira daga lambobin ƙasar waje, ba ta gane abin da yake faɗa, sai "Inna, Inna". Da ta gaji sai ta miƙa wayar ga wani Bahaushe mai nama a unguwarsu. Mai naman ne ya gaya wa mai kiran cewa wannan layin sabo aka saya, kuma layi ba ya komawa kasuwa sai in mai shi ya mutu. Tun ranar bai sake kira ba.

Ban rage komai ba, na faɗa wa Gwaggo yadda aka faɗa min. Ba ta yi kuka ba. Sai ta taɓa hannuna.

"Tambaye ta, da ta ji muryarsa, ta yi kama da ta wanda ke samun abinci?"

Na mayar da wayar kunne, ina ta laluben yadda zan faɗi wannan da Turanci. Matar ta riga ta kashe.