Kiran Da Ya Riga Jirgi Sauka

Jama'a, wannan ba wani ya ba ni labari ba, wallahi ni ya faru da ni, shekarun da nake tuƙa wani Alhaji mai fataucin hatsi a Bunguɗu. Ciwo ya kwantar da shi har aka ce hanyar mota ba za ta yi masa ba, sai wani amininsa ya samo ƙaramin jirgi da zai ɗauke shi daga filin Gusau zuwa asibiti a Kaduna. Wurin zama kaɗan ne, don haka babban ɗansa Kabiru ya shiga da shi, ni kuma aka ce in biyo da matarsa Hajiya a mota. Na tambayi matuƙin tsawon tafiyar, ya ce ba za ta kai awa guda ba, kafin in bar Tsafe sun sauka.

Da rana tsaka ne. Jirgi ya tashi a kan idona, na ja mota, ko ƙofar fili ban gama fita ba waya ta yi ƙara. Kabiru ne, yana kuka.

"Malam, mun sauka Kaduna, amma Baba ya cika a hanya. Ka mai da Inna gida."

Na leƙa ta taga. Na rantse da Allah ga jirgin can sama, ƙugin injinsa ma bai bar kunnena ba! Wace Kaduna kuma? Na ce, "Kabiru, ai ina ganinku," sai wayar ta katse. Hajiya daga baya ta ce wa ya kira, na ce wani ne ya yi kuskuren lamba. To mi zan ce mata? A wurinmu ba a jefa wa mace labarin mutuwa a kan hanya, balle mutuwar da ni kaina ban san ko ta auku ba.

Haka na kama hanyar Funtuwa kaina a ɗaure, ina ta tunanin in juya ko in ci gaba, ita kuwa sai jan carbi take yi. Muna shiga Tsafe, daidai wurin masu sayar da rake, wayar ta sake ƙara. Kabiru, kuka iri ɗaya, magana iri ɗaya, ko kalma bai sauya ba. Na ce ai ka faɗa mini ɗazu. Ya ce yaushe? Yanzu ƙafarsa ta taɓa ƙasa, wayarsa ma a kashe take tun Gusau. Na duba tawa, kira ɗaya tak na gani.

Na juya mota, ina neman yadda zan ce jikin ne ya ɗan matsa. Sai Hajiya ta ce, "Kada ka wahalar da kanka, Malam. Tun bakin fili na ji muryar ɗana. Na bar ka ka yi ta tafiya ne, don muddin muna tafiya ina da miji."

Kai, ranar na yi kuka kamar yaro.

Na tambayi malamai, na tambayi masu gyaran waya, kowa da abin da ya ce, babu wanda ya gamsar da ni. Har yau in na ji ƙugin jirgi sai tsigar jikina ta tashi. Ku dai in kun raka naku tafiya, komai kusanta, ku tsaya ku yi sallama da kyau, ku nemi gafarar juna kafin a rufe ƙofa.